Shaidar Kawu Bala

Nasarawa GRA, Kano
Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga taubashiyata Malama Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da ɗalibanki na firamare masu majina. Ya zafi? Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar uwargida Hajiya Rukayya ta yi sauƙi, tana gaishe ki.

Na kira ki sau uku ba ta shiga. Har yau a Rafin Marke sai an hau juji ake samun sabis? Shi ya sa na rubuto, kuma dama maganar ba ta waya ba ce. Shu'aibu direba zai miƙa miki takardar nan in ya kawo burodi. A motar za ki ga ɗanki Habibu da jakarsa. Kada hankalinki ya tashi. Ba sata ya yi ba, ba kuma korarsa na yi ba. Hutu na ba shi.

Kin san yadda na riƙe yaron nan tun rasuwar mahaifinsa. Shekara huɗu yana ɗakin baƙi a gidana, abin da na ci shi yake ci. Na tsallake waɗanda suka girme shi na naɗa shi manaja a gidan burodina na Giginyu. Bara ya ɓullo da wani lalaci. Ƙarfe goma bai fito ba, in ya fito kuma a same shi a sito zaune kan buhun fulawa yana kallon bango. Na yi masa faɗa na gaske. Bayan 'yan makonni ya miƙe ya koma yadda yake, na ce madalla, faɗana ya yi aiki.

To ranar Alhamis na shiga ofishinsa neman makullin sito, na ja durowa, sai ga katin asibiti da ƙwayoyi. Ba asibitin zazzaɓi ba, Hajara. Ɓangaren masu taɓin hankali.

Na ce, “Habibu, mene ne wannan?”

Ya ce, “Kawu, ciwon damuwa ne. Ina ganin likita.”

Na ce, “Damuwar me? Yunwa kake ji, ko a kasuwa kake kwana?”

Ya sunkuyar da kai. Ni da na yi tallar burodi a ka tun daga Tudun Wada har Bata, da silifas ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya shuɗi, ban san wata damuwa ba. Sakandare kaɗai na yi, ita ma da ƙyar, yau maƙwabcina tsohon alƙali ne. Gata ne ya yi wa yaran yanzu yawa.

Ki duba matsayina. Abincin mutane nake sayarwa. In aka ji mai kula da kwaɓina yana shan ƙwayar mahaukata, wa zai sayi burodina? Na tara ma'aikata na gaya musu Habibu zai je gida saboda kansa na buƙatar hutu, don kada su ji a wani wuri a ƙara gishiri. Ƙwayoyin na zuba su a masai. Katin yana hannuna.

Ki sa shi ya bi masu zuwa gona. Damina na tafe, in ya yi noma wata biyu zai manta sunan ciwon.

Ga burodi goma na yara.

Naki,
Alhaji Bala


Rafin Marke
Alhamis, 9 ga Mayu

Yaya Bala,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. A gaishe da Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Masu majina sun amsa gaisuwarka, sun ce burodinka ya ƙanƙance.

Habibu ya iso, amma labarinsa ya riga shi shigowa gida. Shu'aibu ya tsaya a tasha yana sauke wa mai shayi burodi, kafin ya rufe bayan mota kowa ya ji cewa kan manaja ya taɓu. Ban ga laifinsa ba. Kai ka faɗa a gaban ma'aikata, shi kuwa ma'aikacinka ne. Kafin la'asar mata goma sha ɗaya sun shigo yi min barka da zuwan ɗa, kowacce tana leƙen ɗakinsa. Na ce taifot ne. Wasu sun yarda.

Tun da ka zubar da maganin ba ya samun barci, jiri yake ji. Ya ce likita ya gargaɗe shi kada ya daina sha kwatsam. Don Allah ka aiko min da katin ranar Litinin.

Ga babbar maganar. Ka san an kai kayan na-gani-ina-so gidan su Muhibba, yarinyar da yake nema a garin nan, saura bincike. Babanta ya ɗora wa ƙaninsa Malam Mustafa, wanda ke zaune a Tudun Murtala, ya bincika halin Habibu a Kano. Wurinka zai zo, kai ne kawunsa kai ne uban gidansa. Maganar tasha za ta wuce kamar yadda wasu suka wuce. Taka ita ce shaida.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka gaya masa abin da ka gani: shekara huɗu makullin sito na hannunsa, ko gwangwanin fulawa bai taɓa ɓata ba, yana sallah, ba ya shaye-shaye. In ya tambayi lafiya ka ce ya zo wurin uwarsa. Ni zan ɗauki takardar likita in zauna da iyayenta, in yi musu bayani a tsanake, ba ɓoyewa. Mako biyu kawai nake roƙo, yaron ya ɗan dawo hayyacinsa.

Kuma Yaya, kafin ka buɗe baki, ka tuna ɗakin Inna, gwaggonka Asabe, Allah ya jiƙanta.

'Yar'uwarka,
Hajara


Nasarawa GRA, Kano
Litinin, 20 ga Mayu

Malama Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. An yi ruwan farko a nan jiya.

Ban ba ki amsa da wuri ba saboda layinki na ƙarshe ya ɓata min rai. Gori za ki yi min don na yi jinyar shawara wata huɗu a ɗakin Gwaggo shekara talatin da suka wuce? Wa ya yi wa Gwaggo rufin kwano? Wa ya kai ta Makka? Ban taɓa faɗa ba sai yau da kika sa ni. In don ɗanki ya zauna a ɗakina ne kike so ki ce mun yi daidai, to na ji.

Malam Mustafa ya zo ranar Asabar bayan la'asar. Dattijo mai kamala. Na nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a kan dadduma. Muka gaisa, aka kawo masa lemo, sannan ya gyara murya.

Ya ce, “Alhaji, mun ji 'yan maganganu daga gida, amma mun ce ba za mu kama ko ɗaya ba sai mun ji daga bakinka. Kai aka sani ba ka ƙarya, ko a awo ko a magana.”

Na faɗa masa duk abin da kika ce. Amana, sallah, ladabi, ban rage komai ba. Yana ta gyaɗa kai. Sai ya ce, “Alhamdulillahi. Saura ɗaya. Tsakaninka da Allah, lafiyarsa fa? In 'yarka ce, za ka ba shi?”

Hajara, an haɗa ni da Allah a cikin falona. Me kike so in yi? In ce je ka wurin uwarsa, kamar mai wani abin ɓoyewa? Kin san a binciken aure ba a rufa-rufa. Na tashi na ɗauko katin na ajiye masa a kan tebur. Ba ya karanta boko, sai na karanta masa.

Ya ce, “Hauka ke nan?”

Na ce, “Ni ba likita ba ne. Ga dai inda yake zuwa.”

Ya ce, “In 'yarka ce fa?”

Na ce, “In 'yata ce zan dakata.”

Ya yi godiya, ya ce irina sun yi ƙaranci a zamanin nan. Ban ce a fasa ba, dakatawa na ce. In yaron ya gyaru ni da kaina zan shige gaba a ɗaura. Shekara talatin ina gina sunana a garin nan, ba zan zubar da shi a yini ɗaya ba, ko don wa.

Katin zai zauna a wurina. Ba na son ya koma wurin nan a ƙara lafta masa ƙwaya.

Naki,
Alhaji Bala


Nasarawa GRA, Kano
Litinin, 24 ga Yuni

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, ko da yake ta wuce. Ya damina? An ce gero ya fito da kyau a wajenku.

Mako biyar ba takarda. Burodin da nake aikowa Shu'aibu yana dawo da shi. Cinyar ragon layya ma ta dawo, Hajiya ta tambaye ni me na yi miki na ce ban sani ba. Da farko na ɗauka kin ga gaskiyata ne kike jin nauyin amsawa. Yanzu na san ba haka ba ne.

Kin san Mika, akawuna, mutumin Zariya, wanda ya zo ta'aziyyar Gwaggo. Shekara goma sha shida muna tare bai taɓa ɗaga min murya ba. Ranar Asabar da muka tashi daga aiki ya rufe ƙofar ofis ya tsaya.

Ya ce, “Alhaji, zan yi magana. In ka ga dama ka sallame ni.”

Na ce, “Mika, yau kuma wa'azi za a yi min?”

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ya ɗauki Habibu a babur ɗinsa ya kai shi wurin likita bara, saboda matarsa Jacinta ta yi irin ciwon bayan haihuwa, ta sha magani ta warke, yau ita ce shugabar makarantarsu. Ya ce, “Ba faɗanka ba ne ya tashe shi daga kan buhun nan, magani ne. Wata tara yana sha. Watannin da kake yabonsa a gaban kowa, duk a kan magani yake.”

Ya ce Muhibba ta sani tun bara. Habibu da bakinsa ya gaya mata, ita take kiransa ta tuna masa ranar ganin likita. Ashe yarinyar ta san komai ta kuma amince.

Na ce, “To me ya sa ba wanda ya gaya min? A gidana yake kwana!”

Ya ce, “Alhaji, ai ga abin da ka yi da ka sani.”

Ban sallame shi ba. Ya ce shi ya je asibiti ya yi bayani aka buɗe wani katin, yana kai muku magani duk bayan mako biyu a ranar hutunsa. Ya kuma ce tun ranar da na tara ma'aikata ba wanda ya ƙara cewa ba shi da lafiya. Wani mai kwaɓi ya yi kwana uku yana aiki da zazzaɓi har ya faɗi a bakin tanda, don tsoron kada a sa shi a motar Shu'aibu.

Har yanzu ina ganin gaskiya na faɗa. Amma ki rubuto, ko zagi ne. Ya Habibu yake?

Naki,
Bala


Rafin Marke
Alhamis, 4 ga Yuli

Yaya Bala,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Ruwa na sauka, alhamdulillahi.

Ka tambayi Habibu, zan gaya maka. Kwana biyu bayan Malam Mustafa ya bar gidanka aka dawo mana da kayan na-gani-ina-so a baro, da rana tsaka, ranar kasuwa. Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa taifot. Cewa ake, kawunsa da kansa ya fito da kati. Da, in ya zo gida liman ba ya nan, shi ake turawa gaba ya ja sallah. Yanzu in ya shiga sahu na kusa da shi matsawa yake. Maƙwabciyata ta fizge jaririnta daga hannunsa. Mai unguwa ya aiko a tambaye ni ko ina buƙatar sarƙa, wai akwai ta wani da ya rasu, a ba ni aro kafin abin ya yi ƙarfi. An karɓe wayar Muhibba. Habibu ya daina fita. Ina kai masa abinci ina ɗaukowa yadda na kai. Da Mika ya dawo da magani ya ɗan fara ci, likita ya ce sai a hankali, tafiyar da aka yi a wata tara an koma farkonta.

Ka ce gori na yi maka. Ba rufin kwano nake nufi ba, Yaya, kuma ka san ba shi nake nufi ba.

Ba shawara ka yi ba.

Shekarar da tandarka ta farko ta ƙone, mahaifinka kuma ya rasu duk a wata guda, ka zo mana daga kai sai rigar jikinka. Ka kwanta a ɗakin Inna ka juya wa ƙofa baya. Shekarata goma sha huɗu. Ni nake ba ka kunu da ludayi, kana ce min in bar ka, ba ka da amfani a duniya. Inna ta kwance igiyar guga daga bakin rijiya ta riƙa ɓoye ta ƙarƙashin shimfiɗarta. Da na tambaye ta dalili ta mare ni.

Kullum da safe takan ɗora tukunyar saiwar rawaya a tsakar gida, inda duk mai shigowa zai gani ya ji warinta. Ta ce Bala shawara ce ta kama shi, kada kowa ya shiga ɗakin. In mutane sun watse ta ba ni in zubar a bayan danga. Ko kurɓa ɗaya ba ka taɓa yi ba. Wata huɗu tana dafa maganin ciwon da ba ka da shi, don ka fita daga garin nan da sunanka.

Da dangin Hajiya Rukayya suka zo bincike, ina bayan ƙofa. Babana ya ce, “Yaro ne mai neman na kansa. Ya yi jinya, Allah ya ba shi lafiya.” Bai yi ƙarya ba. Bai kuma ce zai dakata ba.

Inna ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Shekara talatin na riƙe, ko Habibu bai sani ba. Yau ma kai na faɗa wa, kai kuwa mai abin ne.

Na ba ka ɗana don na ɗauka in akwai mutum ɗaya a duniya da zai gane shi, kai ne.

Hajara


Nasarawa GRA, Kano
Litinin, 8 ga Yuli

Hajara,

Assalamu alaikum. Allah ya sa Habibu ya ƙara samun sauƙi.

A cikin mota na karanta takardarki, a ƙofar gida. Mai gadi ya buɗe get ya gaji da jira ya rufe.

Ban manta ba. Na dai faɗi shawara sau da yawa har na soma jin ɗacin rawayar da ban sha ba. Zancen igiyar guga ne ban sani ba sai yanzu. Na tuna na je bakin rijiyar nan wata rana ban same ta ba, na ɗauka aro aka zo aka yi.

Ranar da na ga Habibu a kan buhun fulawa na gane zaman. Yadda ya saki kafaɗa, yadda idonsa ke kan bango ba ya ganin bangon. Tsoro ne ya kama ni, Hajara, sai ya fito min a faɗa. Da na ga katin kuwa, kamar sunana ne a jiki. So nake abin ya fita daga gidana kafin ya tuna da ni. Da Malam Mustafa ya ce ni ba na ƙarya, daɗin maganar ya cika min kai. Ba Allah na duba ba lokacin da na ɗauko katin nan. Kaina na duba.

Na zaunar da Hajiya na gaya mata. Ina ta neman ta inda zan fara, sai ta ce, “Alhaji, ai na sani. Gwaggo ta gaya min satin bikinmu. Ta ce in na ga ka yi shiru kwana uku in aika mata.” Shekara ashirin da takwas tana lura da shiruna, ni ina ta cika mata baki cewa ban san damuwa ba.

Na je Tudun Murtala wurin Malam Mustafa. Ya karɓe ni da girma, ya ce magana ta fita daga hannunsa, tana wurin yayansa.

To zan zo. Juma'ar sama, 19 ga wata, zan yi sallah a Rafin Marke, in an idar in tsaya a ƙofar masallaci in faɗi abin da Gwaggo ta ɓoye. Maganata ce ta kayar da shi, tun da suna jin maganata bari su ji wannan. In sun san mai gidan burodi uku ya yi ciwon ya tashi, za su sake tunani. Rantsuwar ke ta hau, ba ni ba.

Bala


Nasarawa GRA, Kano
Litinin, 22 ga Yuli

Hajara,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya. Na gode da ruwan da kika aiko min ƙofar gida. Ban ji haushi da aka ce Habibu na kwance ba.

Na san an kawo miki labari, amma ki ji daga wurina. Bayan an idar na nemi izinin liman na miƙe a gindin marken nan na ƙofar masallaci. Mutane sun fi ɗari. Na ce ni ne Bala da ya yi jinya a gidan Asabe. Na ce ba shawara ba ce, ciwon Habibu ne sak. Na gaya musu yadda safiya ta fi kowane lokaci nauyi, ka farka kamar an ɗora maka buhu a ƙirji. Yadda in ka ji mata na daka kana jin haushin cewa gari ya sake wayewa. Na ce ba hauka ba ne, ciwo ne, yana da likita yana da magani, kuma shaidar da na bayar a kan yaron nan zalunci ce.

Na ce a raina zancen ya shige su.

Sai mai unguwa ya yi murmushi ya ce, “Allah ya saka maka da alheri, Alhaji. Wannan shi ne zumunci. Mutum ya ɗora wa kansa abin da bai yi ba don ya rufa wa ɗan 'yar'uwarsa asiri.”

Na ce, “Wallahi gaskiya nake faɗa.”

Wani tsoho daga baya, Habu wanzami, ya ɗaga sanda ya ce, “Haba Bala! Ni fa nake haƙo wa Asabe saiwar nan da hannuna. Idonka kamar gwaiduwar ƙwai, ni na gan shi!”

Hajara, bai taɓa shiga ɗakin ba. Amma nan da nan mutum uku suka ce su ma sun gani. Wani ya ce warin rawayar har gidansu yake zuwa. Wani ya ce, “Mai mota uku da gida a GRA, yaushe ya taɓa hauka?” Na ce ai na faɗa ba hauka ba ne. Suka ce, “To ai abin da muke faɗa ke nan.” Aka yi dariya. Aka yi ta shi min albarka ana kama hannuna.

Baban Muhibba ya jira har aka ragu. Ya ce, “Alhaji, maganarka ta farko muka kama, don lokacin ba ka da abin karewa. An sa rana da ɗan yayata, bayan kaka.” Na roƙe shi ya tambayi yarinyar. Ya ce an wuce nan.

Gwaggo ta dafa tukunyar nan da kyau. Shekara talatin, har yau tana kare ni, ni da na zo a daina kare ni.

Na hango Habibu a jikin katangar masallaci lokacin da nake magana. Da na juya bayan dariyar ban gan shi ba. Ya ji? Me ya ce? Ofishinsa na nan, ban ba kowa ba.

Bala


Rafin Marke
Alhamis, 25 ga Yuli

Yaya Bala,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Habibu yana cin abinci, jiya ma ya je gona da ƙannensa ya yi awa biyu. Ba noman ba ne, magani ne, kada ka ce ka faɗa.

Ya ji. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya yarda da kai, shi ne. Ya shigo ya zauna a bakin murhu ina tuƙa tuwo. Sannan ya ce, “Umma, gaskiya Kawu ya faɗa. Zancen dakan nan, wanda bai yi ciwon ba ba zai san shi ba.”

Na ce, “To ka ga.”

Ya ce, “Da na ɗauka bai sani ba ne. Tun a motar Shu'aibu na yafe masa, na ce jahiltar abin ya yi. Ashe ya sani, Umma. Ya kalle ni a kan buhun nan ya san abin da nake ji.”

Ban kare ka ba, ban kuma ƙara ba.

Ba zai dawo Giginyu ba. Mika ya samo masa aikin kula da sito a wani kanti a Zariya, inda ba wanda ya san shi, zai fara in likita ya amince. Muhibba ta aiko ƙawarta da saƙo cewa ranar ganin likitansa Litinin ce, kada ya manta. Shi ke nan saƙon.

Yana buƙatar mota ranar, tun da Shu'aibu zai koma Kano. Ya ce a roƙe ka kada ka jira shi a asibiti, kada kuma ka zo tasha. Ban ce har abada ba. Shi ma bai ce ba.

Burodin wannan makon na karɓa.

Hajara


Nasarawa GRA, Kano
Litinin, 29 ga Yuli

Hajara,

Assalamu alaikum. Na gode da kika gaya min yadda ya faɗa, ba ki sassauta ba.

Shu'aibu zai ɗauko shi ya kuma mayar da shi. Na ce ya sa shi a gaba, kuma in na ji ya buɗe baki a tasha, a bakin aikinsa. Ba zan je asibitin ba. Daga gidana zuwa can tafiyar minti goma ce, zan zauna a falo.

Ga katinsa na farko a cikin ambulan. Na san an buɗe masa wani, wannan ba shi da amfani yanzu. Amma nasa ne, ba ni da hurumin taɓa shi tun farko. Ya ɗan lanƙwashe a gefe, a aljihuna yake tun ranar da na ɗauke shi daga kan tebur.

Kada ki ce masa ya yafe min. Ki ce masa dai gaskiya ya faɗa. Na sani.

Bala